Yafiyar Kafinta Takwas

Ba da yatsu takwas aka haifi Kafinta Takwas ba. Goma ya zo da su duniya kamar kowa, kuma da goman ya koyi aiki a wurin mahaifinsa, a wani shago mai ƙofa biyu da ke bayan tashar mota, inda ƙurar katako ke kwanciya a gira da gashin baki har saurayi ya yi furfura kafin la'asar. Mahaifin ba mai yawan magana ba ne. Da ya rasu, abin da ya bar wa 'ya'yansa maza biyu shi ne shagon, da dogon benci, da injin yanka katako wanda ya girmi ƙaramin ɗan, sai kuma doka guda ɗaya: in aka ɗauke wuta inji yana aiki, kafin kowa ya ce uffan, a kashe makunni. Dalilin dokar a fili yake. Inji zai tsaya, shago ya yi tsit, mutum ya ɗauka ƙarfe ya mutu, alhali jira yake yi. Wuta na dawowa zai ci gaba daga inda ya tsaya, ba ruwansa da abin da ya tarar a bakinsa.

Makunnin yana jikin bango kusa da ƙofar baya, a gefen da ƙaramin, wanda kowa ke kira Auta, yake tsayawa. Saboda haka kashewar aikin Auta ce.

Wata Talata kafin azahar aka ɗauke wuta, Auta bai kashe ba. Yayan ya sa hannun hagu zai zaro wani guntun katako da ya maƙale a haƙoran zarto, sai aka kawo wuta. Ƙaramin yatsa da mai bi masa suka tafi. Lokacin yana da shekara talatin da ɗaya, Auta yana da ashirin da huɗu.

A asibiti dangi suka cika ɗaki har ma'aikaciyar jinya ta gaji da korarsu. Auta ya ƙi shiga. Yana tsugune a baranda, ya haɗa kai da gwiwa, rigarsa duk jinin ɗan'uwansa. Yayan ya sa aka shigo da shi, ya ɗaga hannun da aka naɗe kamar ƙunshin kaya, ya ce, "Auta, ɗago kanka. Na yafe maka duniya da lahira."

Kada kowa ya yi shakka, har zuciyarsa ya faɗa. Mahaifiyarsu ta fashe da kuka, ƙanwar mahaifinsu ta ce ba ta taɓa ganin yaro mai imani irinsa ba. Ranar Juma'a liman ya kawo misalin a wa'azi ba tare da kama suna ba, amma duk sahun gaba sai da suka waiwayo. Kafinta ya sunkuyar da kai kamar yadda ya dace, ya ji wani abu mai daɗi ya ratsa shi, abin da bai taɓa ji ba a kan gado ko kujera da ya ƙera. Daga makon nan aka fara ce masa Takwas, shi kuma bai nuna ya ƙi ba.

Hannu ya warke. Ya koyi riƙe ƙusa da yatsu uku, ya koyi danne katako da tafi. Aikinsa bai ragu ba, wasu ma suka ce ya ƙaru, domin mutane suna son kai aiki wurin mai tsoron Allah, ko da ƙafar teburin za ta ɗan yi rawa. Abin da ya ƙaru tabbas shi ne labarin.

Duk wanda ya shigo shagon sai ya ga hannun, domin in Takwas zai yi awo, hagun yake shimfiɗawa a kan katako, daidai inda idon baƙo zai sauka. In baƙon mai kunya ne ya kau da kai, sai a taimaka masa.

"Hannun kake kallo ko? Kalla abinka, ba komai. Zauna ma in gaya maka."

Daga nan sai ranar Talata, da zafin ranar, da yadda shago ya yi tsit, da ƙarar da injin ya yi, da barandar asibiti. Yakan sassauta murya in ya iso wurin yafiyar. Sannan ya nuna ƙofar baya da haɓa.

"Ga shi can. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Har yau muna tare, ban taɓa riƙe shi da komai ba. Auta, gai da baƙo mana."

Auta sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Sannu da zuwa." Baƙo ya amsa yana yi masa irin kallon da ake yi wa motar da ta taɓa yin haɗari aka gyara.

Haka aka yi shekara ashirin da shida. Labarin ya sha guga kamar hannun kujerar gado, duk wata kusurwa ta baje, har ya zama ba ya kama rigar kowa. Akwai mai gajere na masu sauri, akwai mai tsawo na wanda ya zo ba da aikin ɗaki guda. Direbobin tasha sun haddace shi, wani lokaci in Takwas ya tsaya tari sai su ƙarasa masa.

Ba za a ce ya zalunci Auta ba. Da Auta zai yi aure, shi ya ƙera masa gado da hannunsa, ya ƙi yarda kowa ya taɓa. Da matar Auta ta kwanta rashin lafiya, shi ya riƙa zirga-zirgar asibiti. Bai taɓa ɗaga masa murya ba. In Auta ya yi kuskuren awo ya ɓata katako, sai Takwas ya yi murmushi ya ce, "Ba komai, Auta. Wanda ya yafe yatsu, katako ne zai gagare shi?"

Shi kuwa Auta ya girma ya zama mutum mai kashe abubuwa. A gida, in matarsa ta ajiye dutsen guga don ta amsa sallama, kafin ta dawo ya zare. Fanka, rediyo, fitila, duk abin da ke da makunni bai tsira ba. A masallaci yakan riga ladan kashe fankoki, wani lokaci mutane ba su gama nafila ba. 'Ya'yansa suna tsokanarsa cewa in rana tana da makunni da tuni gari ya huta. Yakan yi dariya tare da su. A shago kuma ya fi yayansa iya gamawa, shi ke shafe aiki da fenti, amma ba a cika sanin haka ba, domin ba shi da labarin da zai haɗa da shi.

Ranar da abin ya tsinke, babbar 'yar Auta ce, wadda ke aikin jinya, ta zo shago da malamin makarantar da za ta aura, don ya zaɓi katakon kabad na littattafansa. Malamin ya durƙusa ya gai da surukinsa, ya gai da yayan surukinsa. Auta ya sa sabuwar hula a ranar, ya share benci tun da safe. Takwas ya ɗauko abin awo, ya shimfiɗa hagu a kan katako.

"Hannun kake kallo ko, Malam?"

"A'a, Baba, katakon nake..."

"Kalla abinka. Tunda za ka shigo cikinmu, gara ka san irin gidan da ka shigo."

Yarinyar ta ce, "Baffa, kabad fa muka zo gani. Ina da aiki ƙarfe biyu."

"Kabad ba ya gudu, 'yata."

Mai tsawon ya ba shi. Malamin ya tsaya yana cewa "Allahu akbar" a wuraren da suka dace, yana neman inda zai ajiye idonsa. Da aka zo ƙarshe, haɓa ta nuna ƙofar baya. "Ga shi can, surukinka. Auta, gai da..." Sai ya tuna sun riga sun gaisa, ya bar maganar a nan. Yarinyar ba ta kalli mahaifinta ba, kuma rashin kallon ne ya fi komai fitowa fili.

Da suka tafi, Auta ya cire sabuwar hular ya rataye a ƙusa. Ya nannaɗe hannun riga, ya je ya shimfiɗa hannunsa na hagu a kan teburin inji, dab da haƙoran zarto.

"Yaya, zo ka kunna."

"Me zan kunna?"

"Injin. Biyu ne naka, ga su nan. Ka ɗauka mu huta."

"Subhanallahi! Auta, ka yi hauka ne? Ni da na yafe maka?"

"Yafiyar ce nake so ka karɓi abinka. Na ɗauke ta shekara ashirin da shida, wuyana ya gaji. Da yanke min ka yi tun a lokacin, da yanzu na warke kamar yadda ka warke."

Bai ɗaga murya ba. Da ya ga yayan ba zai motsa ba, sai ya janye hannunsa, ya tattara gudumarsa da ƙaramin zartonsa da burushin fenti a buhu, ya duba makunni ya tabbatar a kashe yake, ya fita ta ƙofar baya. Hular ma ya bar ta a ƙusa.

Takwas ya ji an zalunce shi, kuma ya san inda ake kai irin wannan ƙara. Bayan la'asar ya tsaya har masallaci ya watse, ya matsa kusa da liman. Ba limamin da ya yi wancan wa'azin ba ne, ɗansa ne, shi ma ya fara furfura. Takwas ya zayyana masa komai, ya haɗa da ranar Talata don kada Malam ya rasa tushen zancen.

Liman ya ce, "Na san labarin, Kafinta. Sau huɗu ka ba ni, ranar da na kawo gyaran akwatin littattafai ma sau biyu."

"To, Malam, ka ga irin sakayyar da ya yi min. Ba addini ne ya ce mu yafe ba?"

"Shi ne. Kuma an yi wa mai yafiya alkawarin lada babba, ba na musun ka yafe. Amma bari in tambaye ka. Kai ma kana roƙon Allah gafara ko?"

"Kullum, bayan kowace salla."

"Wace iri kake roƙo? In an ce an yafe maka, amma kullum da safe za a tara jama'a a karanta musu abin da aka yafe ɗin, sannan a nuna ka a ce ga shi can, ka gai da baƙi, za ka ce ka samu abin da ka roƙa?"



Liman ya ci gaba da cewa, "Mu abin da muke kwaɗayi a wurin Ubangiji shi ne Ya yafe kuma Ya rufa mana asiri. Rabin rahamar a rufin take. Ko sadaka ce ka bi ta da gori, ka ɓata ta, balle yafiya da ta fi ta tsada. Ban ce ka yi da mugun nufi ba. Abu ne mai daɗi ka samu, ka kasa ajiyewa."

Takwas ya yi godiya kamar yadda ake yi wa likitan da ya faɗi cutar da ba ita aka zo da ita ba. A hanya ya yanke hukuncin cewa yaran malaman yanzu ba su kai iyayensu ba.

A gida ya tarar da matarsa tana ninke wanki a tsakar gida. Ya zauna a kan kujerar da ya ƙera shekarar aurensu, ya sake shigar da ƙara. Ta saurara tana kaɗe riguna, ba ta katse shi ba, har ya iso inda shago ya yi tsit ya sa hannu.

Ta ce, "Maigida, ka tsallake wani wuri."

"Wane wuri? Ni da abin ya faru a kaina?"

"Da can labarin nan yana da wani guntu a tsakiya. Kai da bakinka ka faɗa min a asibiti, kafin dangi su cika ɗakin. Ka ce da aka ɗauke wuta Auta ya juya zai je ya kashe, kai ka ce masa, bar shi, riƙe min katakon nan tukuna, wutar nan ba yanzu ba."

"Ni na ce haka?"

"Kai ka ce. Shekarar farko kana faɗa, har kana ƙarawa da ni ma da laifina. Shekara ta biyu ya koma ƙaddara. Ta uku ban sake jin sa ba. Na ɗauka ka ajiye shi a shago ne."

"Shekara ashirin da wani abu, ba ki taɓa tuna min ba?"

"Wa ke samun wurin sa baki in ka fara? Kuma mai abin ma bai yi magana ba, ni ce zan yi?"

Ta ɗauki kwandon wanki ta shige ɗaki. Takwas ya zauna yana kallon hannunsa. Abin haushin shi ne bai buƙaci a rantse masa ba. Tana faɗa ya ji muryarsa ta wancan lokacin, da nauyin katakon, da yadda Auta ya tsaya da ƙafa ɗaya a gaba yana kallon bango, sannan ya dawo ya riƙe, domin yayansa ne ya ce.

Kwana uku inji bai yi ƙara ba. Dogon katako mutum biyu yake so, ɗaya ya tura ɗaya ya tara. Takwas ya share shago, ya jera ƙusoshi bisa tsawonsu, ya kori wani direba da ya zo hira. A rana ta huɗu da hantsi ya cire hular daga ƙusa, ya kaɗe mata ƙura, ya nufi gidan ƙanensa.

Ya same shi a ƙofar gida, a kan tabarma, yana ɗaure ƙafar kujerar maƙwabta. Suka gaisa, suka tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka gani jiya. Takwas ya ajiye hular a gefen tabarma. Ya shirya magana mai kyau a hanya, mai farko da tsakiya da ƙarshe, amma da ya buɗe baki sai guntun nan kaɗai ya fito.

"Ni na ce ka bar makunnin."

Auta bai ɗago ba. "Kai ka ce."

"Kana sane?"

"Yaya, ni fa na riƙe katakon."

"Me ya hana ka faɗa? Ko sau ɗaya, a gaban mutanen nan?"

Auta ya ja igiya ya ƙulle. "Ranar farko kana kwance ba yatsu, in ce me? Daga baya kuma na ga abin ya zame maka abin riƙewa. Na ce mutum ya rasa yatsu biyu, in ƙwace masa wannan ma? Kuma dokar Baba ba ta ce sai in Yaya ya yarda ba. Cewa ya yi a kashe. Da na kashe, ka zage ni, da yanzu Goma ake ce maka."

Takwas ya so ya yi dariya, amma ya fasa. Ya ce, "Ka yafe min, Auta. Ba na ranar kaɗai ba."

"Na ranar tun a baranda na yafe. Na sauran kuma ina yafewa kullum in baƙo ya fita, shi ya sa na gaji. Na ranar malamin makarantar nan ne ya ɗan tsaya min." Ya girgiza kujerar ya ga ta zauna. "Shi ma ya wuce. Allah Ya yafe mana baki ɗaya."

"Amin. Za ka dawo?"

"Kabad ɗin yaron nan ba zai yanka kansa ba."

Takwas ya miƙe, sai kuma wata dabara ta zo masa. "Zan tara mutane, Auta. Direbobi, liman, surukinka, kowa. In gaya musu gaskiyar yadda aka yi, da irin haƙurin da ka..."

"Yaya, don girman Allah. Sabon labari za ka buɗe kuma? Ka bar mu mu yi aiki."

Washegari Auta ya dawo, ya tsaya a gefensa na ƙofar baya. Kafin azahar wata mata ta shigo tana son teburin ɗinki. Takwas ya ɗauko abin awo, hannun hagu ya tafi kan katako da kansa, kamar jakin da ya san hanyar gida. Matar ba mai kunya ba ce.

"Kai, Baba! Me ya sami hannunka?"

Burushin Auta ya tsaya a jikin kabad. Takwas ya ji ranar Talata ta taso masa tun daga ciki, da zafin ranar da komai, ta iso har bayan haƙora. Ya haɗiye ta. An ga maƙogwaronsa ya motsa.

Ya ce, "Inji ne. Teburin da aljihu kike so, ko babu?"

Matar ta jira ko akwai saura, ta ga babu, ta ce da aljihu biyu. Burushi ya ci gaba.

Takwas ya ƙara shekara tara a shagon. Direbobin tasha suka ce tsufa ya kama Takwas, hirarsa ta mutu, suka koma wurin mai gyaran taya. Gaskiya ne kuma, domin da aka cire labarin sai aka ga ba shi da wani, sai zancen tsadar katako. Sau ɗaya, a wani taron dangi, ya gyara zama ya fara ba wa wani baƙo labarin yadda ya daina ba da labari, matarsa ta yi tari daga ɗaki, ya ce ya manta ƙarshen. Ya ɗauki wata sabuwar ɗabi'a kuma: in aka ɗauke wuta, yakan riga Auta isa makunni, ya zagaya dogon bencin da sauri har yana tuntuɓe, Auta kuma ya matsa ya ba shi hanya.

Da Takwas ya rasu, Auta yana cikin waɗanda suka yi masa wanka. Ɗaya daga cikin masu taimakawa baƙo ne a unguwar, bai san komai ba. Da ya ɗaga hannun hagun zai wanke, ya tsaya, ya tambaya a hankali ko haka aka haife shi.

Auta ya ce, "A'a, da goma ya zo. Zuba ruwan."